Tankin Ruwa, Famfo da Ban Ɗaki a Jirgin Katako: Daga Ina Ya Kamata a Fara?

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure mai albarka. Ina neman shawarar masana a kan wani aiki da na sa a gaba. Ana ƙera mini jirgin katako mai rumfar kwano, tsawonsa kimanin mita 20, faɗinsa mita 3, wanda zai riƙa ɗaukar fasinja kamar 50 da kayansu tsakanin Yawuri da kasuwannin da ke gaɓar tafkin Kainji. Tafiyar takan cinye yini guda wani lokaci, kuma duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san irin wahalar da mata da tsofaffi suke sha saboda rashin wurin kewayawa da rashin ruwan sha mai tsabta. Niyyata ita ce in ɗora tankin roba mai cin lita 1,000 a kan rumfa, a jawo bututu zuwa famfo biyu, ɗaya na sha ɗaya na alwala, sannan a keɓe ɗan ban ɗaki a baya. Kafintan jirgin ya ce shi iyakarsa katako da ƙusa, don haka nake roƙon masu sanin harkar famfo su faɗa mini yadda ake yi tun kafin a rufe daɓen jirgin.

Malam Mai Famfo:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa alheri a cikin wannan niyya. A ganina aikin ba shi da wuya, domin abin da muke yi a gidaje ke nan kullum. Amfanin ɗora tanki a sama shi ne ruwa zai sauko da kansa, ba ka bukatar wuta ko inji. A yi wa tankin mazauni na ƙarfe, a jawo koren bututun nan da ake haɗawa da zafi, inci uku bisa huɗu ya isa, a sa bawul a gindin tanki domin ranar gyara. Shawarata kawai ita ce a sayi baƙin tanki mai kauri, saboda wanda haske ke ratsawa yana saurin yin gansakuka.

Injiniyan Teku:
Alhaji, don Allah ka dakatar da maganar ɗora tanki a kan rumfa. Malam Mai Famfo, ina girmama saninka, kuma abin da ka faɗa daidai ne a gida, amma gida a kan harsashi yake zaune, shi kuwa jirgi a kan ruwa yake lilo. Aikina shi ne kula da injuna da bututun ruwa a manyan jiragen da ke tashi daga Legas da Fatakwal, kuma darasin farko da ake koya mana shi ne cewa kowane nauyi a jirgi ana tambayar abu biyu a kansa: nawa ne, kuma a ina ya zauna.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin nan idan ya cika tan guda ne cur, wato nauyin buhun hatsi 10 masu kilo 100. Babu matuƙin da ke da hankali da zai yarda a jera masa buhu goma a kan rumfa alhali akwai wuri a ƙasa, domin duk nauyin da ya hau sama yana rage wa jirgi ƙarfin miƙewa bayan ya karkata. Sai dai ruwa ya fi buhu sharri, saboda buhu yana zama inda aka ajiye shi. Idan aka sha rabin tankin, duk lokacin da igiyar ruwa ta karkatar da jirgin, sai ruwan ciki ya kwarara zuwa ɓangaren da ya yi ƙasa, ya ƙara danna shi a daidai lokacin da yake ƙoƙarin dawowa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ko a manyan jirage. A watan Maris na 1987 wani jirgin fito na Ingila ya kife jim kaɗan bayan ya bar tashar Zeebrugge a Beljiyam, mutum 193 suka rasu, kuma dalili shi ne an bar ƙofar gaba a buɗe, ruwa ya malale a kan faffaɗan daɓen da ake jera motoci, ya tattaru a gefe guda cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Faɗin wurin da ruwa ke yawo a ciki shi ne ke ƙara haɗarin, shi ya sa idan aka raba tanki gida biyu ta tsawon jirgi, illar takan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Baba Sarkin Jirgi:
Injiniya, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da muke gani da ido. Ni ban yi karatun wannan abu ba, amma a cikin jirgi na tashi, kuma na san yadda jirgi ke yi idan fasinja suka miƙe suka koma gefe ɗaya don kallon wani abu. Alhaji, ɗana, ka fara tambayarka daga ruwan da za a sha, mu kuwa ruwan da ke hana mu barci shi ne wanda ke ƙarƙashin ƙafarmu. Babu jirgin katakon da ba ya yoyo. Sabon jirgi yakan sha ruwa sosai a kwanakin farko kafin katakon ya kumbura ya matse, tsoho kuma yakan fara daga inda auduga da kwalta suka saki, ko inda ƙusa ta yi tsatsa. Ga ruwan sama, ga feshin igiyar ruwa idan iska ta taso a faɗin tafki. Sannan ka tuna cewa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, kuma har yau akwai kututtura a tsaye ƙarƙashin ruwa, waɗanda suke matsowa kusa da gindin jirgi idan tafki ya ja baya. Duk wanda yake nan a watan Mayu na 2021, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a kusa da Wara, ba zai so ya ji an ƙara wa jirgi nauyi a sama ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ka fara shirya hanyar fitar da ruwa, sauran su biyo baya.

Malam Mai Famfo:
Amin Baba. Na karɓi maganar nauyi, hujja ce da ba a musunta. Amma Injiniya, akwai abin da nake so ka duba. Idan tanki ya koma ƙasan jirgi, ruwa ba zai hau famfo da kansa ba, dole sai an sa ɗan inji mai aiki da batir, kuma ni na san yadda irin waɗannan injuna ke ƙarewa a hannun jama'a: yaro ya bar famfo a buɗe, tanki ya ƙare, injin ya yi ta juyawa babu ruwa har ya ƙone. A gari ma samun kayan gyaransu aiki ne, balle a ƙauyen bakin ruwa. Me zai hana a bar babban tanki a ƙasa, a ɗora ƙarami na lita 200 a sama?

Injiniyan Teku:
Malam, damuwarka a kan injin batir tana kan hanya, kuma ni ma ba zan ba da shawararsa don ruwan sha ba. Sai dai ko lita 200 ɗin ma ba na son ganinta a kan rumfa. Mu fara da lissafin bukata. Idan kowane mutum zai sha lita 3 a yinin zafi, fasinja 50 da ma'aikatan jirgi ba za su wuce lita 170 ba, wanda jarka 8 masu lita 25 sun ɗauke shi har da rara. A jera jarkunan a tsakiyar jirgi, can ƙasa tsakanin haƙarƙarinsa, wato katakan da ke gitta cikinsa suna riƙe da jikinsa, a yi musu akwati na katako a ɗaure su da igiya. Kowace jarka ko dai cike take ko babu komai a cikinta, saboda haka babu ruwan da zai yi ta kai da komo. Guda ɗaya kawai ake ɗorawa a kan ɗan benci daidai ƙugu, a sa mata kan famfo irin mai rufe kansa idan an saki. Ta ƙare a sauke, a ɗora wata. Wani amfanin kuma shi ne idan jarka ɗaya ta gurɓata, ita kaɗai aka yi asara, kuma wanke jarka a tudu ya fi shiga cikin jirgi wanke tanki sauƙi.

Game da bututu, jirgin katako yana murɗawa yana lanƙwasa a kan igiyar ruwa, ga girgizar inji da ba ta tsayawa. Bututu mai tauri, ko fari ko kore, idan aka ɗaure shi a jikin katako a wurare biyu, to a gwiwa ko a mahaɗa zai tsage. Tiyo mai zare ko waya a cikinsa ake amfani da shi, a matse kowane baki da maɗauri biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, a bar masa ɗan sassauci. Babbar doka kuma ita ce kada a huda jikin jirgi a ƙasa da inda ruwa ke kaiwa idan an yi cikakken lodi. Huda mai faɗin inci 1 a zurfin rabin mita tana shigo da fiye da lita 50 a minti guda, wato sama da tan 3 a awa ɗaya, kuma tiyon da ya zame daga bakinsa a ƙarƙashin buhuna ba wanda zai gan shi sai ruwa ya taɓa ƙafar mutane.

Hajiya Mai Banda:
Sannunku da ƙoƙari. Ni fatauciyar kifi ce, kuma rabin rayuwata a cikin waɗannan jirage nake yin ta, don haka bari in faɗa muku abin da ke kwance a ƙasan daɓe, tun da Baba ya kawo maganar fitar da ruwa. Akwai ledar fiya wata da fasinja ke sha su yar a ƙarƙashin benci, akwai ɓawon gyaɗa da ɓawon rake, akwai ƙaiƙayin shinkafa da ke zuba daga buhu, akwai kashin awaki da tumaki, ga ɓawon kifi, ga man inji da ke yawo a saman ruwan. Na taɓa shiga jirgin da mai shi ya sa ƙaramin injin zuƙe ruwa, muna tsakiyar ruwa sai ƙararsa ta canja, da yaron jirgi ya ɗago shi, leda guda ce ta manne a bakinsa ta toshe shi ruf. Saboda haka duk abin da za ku tsara, ku tsara shi da sanin cewa ruwan cikin jirgi ba ruwan rijiya ba ne.

Maganar ban ɗaki kuwa, Alhaji, kada masana su shagaltar da kai har ka jingine ta. Mu mata mukan ƙi cin abinci mu ƙi shan ruwa tun asuba don kada bukata ta kama mu a hanya, kuma na ga masu juna biyu suna wannan haƙuri cikin zafin bazara. Ko labule da bokiti ne, ya fi babu.

Ɗan Yawuri:
Hajiya, in Allah ya yarda ba zan jingine ta ba, ita ce ma ta sa na fara wannan tunani. Baba da Injiniya, na janye tankin sama. To ga tambaya a kan fitar da ruwa: an nuna mini injin batir da ake nutsawa a ruwa, an rubuta galan 2,000 a awa a jikinsa, mai sayarwa ya ce idan na haɗa shi da farantin sola ba na bukatar yaron kwarfe ruwa. Yaya kuka gani?

Injiniyan Teku:
Alhaji, lambar da ke jikin injin ana auna ta ne ba tare da tiyo ba, ba tare da hawa ba, kuma da cikakken batir. Da zarar ka sa masa tiyo mai tsawon mita biyu ko uku, ya ɗaga ruwa sama da bakin jirgi, batir kuma ya ɗan yi sanyi, abin da zai fitar zai ragu ƙwarai, wani lokaci zuwa kusan rabi. Yana da amfani wajen kwashe yoyon yau da kullum da ruwan sama idan jirgi yana ɗaure da dare, amma ba shi ne zai ceci jirgin da ya daki kututture ba.

Idan za ka sa shi, a yi masa gurbi a wuri mafi zurfi, a kewaye shi da akwatin raga mai faɗi saboda abin da Hajiya ta lissafa, a bar murfi a daɓe wanda ba a ɗora kaya a kansa, domin hannu ya kai gare shi cikin duhu. Kafinta ya yanka ƙananan hanyoyi a gindin kowane haƙarƙari don ruwa ya gangaro wuri ɗaya, in ba haka ba kowane tsakanin haƙarƙari biyu zai riƙe nasa ruwan. Tiyon fitarwa ya hau sama har ƙarƙashin bakin jirgi kafin ya sauko ya fita, kuma bakinsa ya kasance sama da ruwa ko da jirgi ya karkata da lodi. Idan bakin ya nutse, da zarar inji ya tsaya sai tiyon ya juya ya riƙa zuƙo kogi zuwa cikin jirgi, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota. Wasu suna dogara da bawul mai hana ruwa komawa, amma ɓawon gyaɗa ɗaya ya isa ya riƙe shi a buɗe. Wayoyin wuta kuma a haɗa su a sama, a sa fis kusa da batir, a nisanta batir da jarkunan fetur, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya.

Don ranar tsanani, abin da na fi amincewa da shi a yankinku shi ne injin ban ruwa na noman rani mai inci 2, wanda ke iya fitar da lita 500 zuwa 600 a minti, kuma kowane bakanike a ƙauye ya san cikinsa. A ajiye shi a sarari inda hayaƙinsa ba zai taru a ƙarƙashin rumfa ba, tiyonsa a haɗe, a tayar da shi kowane mako.

Baba Sarkin Jirgi:
Na yarda da injin ban ruwa, amma ban yarda a sallami yaron kwarfe ba, ko da an sa inji goma. Mai sayar da kaya bai san aikin yaron nan ba. Yana zaune a tsakiyar jirgi da yankakkiyar jarka a hannu, ƙafarsa a cikin ruwa, kuma shi ne farkon wanda zai san cewa yau ruwan ya fi na jiya. Idan ya saba kwarfewa sau ɗaya tsakanin mashaya biyu, yau kuma ya ga ya yi sau uku, zai ɗaga murya ya gaya wa matuƙi, a nemi gaɓa tun da sauran hali. Yana kuma gane ruwan da ya shigo ta ƙasa da wanda ya zubo ta sama, saboda sanyinsu da launinsu ba ɗaya ba ne. Inji mai tashi da kansa zai yi ta kwashewa shiru, ya ɓoye maka cewa jirginka ya fara buɗewa, har ranar da batir zai mutu. Ka sa injinka, amma ka bar yaro, ka kuma ajiye bokiti huɗu masu ƙarfi, domin fasinja da bokiti a hannu ya fi fasinja mai ihu amfani.

Injiniyan Teku:
Baba ya yi gaskiya, kuma a manyan jirage ma ana rubuta sau nawa injin ya tashi a kowane zagayen aiki saboda wannan dalili. A haɗa masa ƙararrawa ko jar fitila a gaban matuƙi, yadda duk lokacin da ya tashi za a sani.

Ɗalibin Ilimi:
Allah ya ƙara wa malamai basira. Ina so in taɓa batun famfon alwala, domin ina ganin zai rage wa Alhaji nauyi. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, daga Abu Huraira, cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, idan suka yi alwala da shi za su ji ƙishirwa, ko za su iya yi da ruwan teku? Sai ya amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ruwan kogi ma haka yake, kuma lakar da ke canja masa launi ba ta hana alwala da shi, tun da daga mazauninsa take. Saboda haka babu dalilin ɗaukar ruwan alwala daga tudu. A bar na jarka don sha kawai, a ɗebi na alwala da tsarki daga kogi. Abin lura shi ne a tanadi wuri a gefe inda ruwan alwalar zai zuba waje, kada ya koma cikin jirgi, domin mutum hamsin idan kowa ya zubar da buta guda, an ƙara wa yaron kwarfe aiki. A ɗaya ɓangaren kuma an hana yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudu, an kuma hana yin bayan gida a mashayar mutane, wannan kuwa ya shafi maganar ban ɗaki kai tsaye.

Malama Jami'ar Lafiya:
Malam, na gode da ka buɗe wannan ƙofa. Ruwa yana iya halatta ga alwala amma ya kasance yana ɗauke da cuta, kuma a garuruwan bakin tafki tsargiya ba baƙuwa ba ce. Mai ciwon yakan zubar da ƙwan tsutsar ta fitsari ko bayan gida, ƙwan ya ƙyanƙyashe a ruwa ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, daga nan tsutsar ta fito ta ratsa fatar duk wanda ya shiga ruwan. Katantanwar ta fi zama a bakin gaɓa, cikin ciyawa da kainuwa inda ruwa ke kwance, don haka ruwan alwala a ɗebe shi a tsakiyar kogi, ba a mashaya ba. Idan an sa masa kilorin, ko ya kwana biyu a cikin ganga, tsutsar ta mutu.

Ruwan sha kuwa, mafi kyau a cika jarkunan daga rijiyar burtsatse a tudu, a jefa ƙwayar kilorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin fakitinta, a jira minti 30 kafin a sha. Idan tilas ta sa an ɗebi na kogi, a sani cewa kilorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Cikar kogi ta damina da ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba ruwanta fari ne fat da laka, sai an sa alimun ko dakakken ƙwallon zogale ya kwanta, a tsiyaye na sama, sannan a sa magani. Cikar da ke zuwa lokacin sanyi, wadda ta taso tun daga tsaunukan Gini ta ratsa fadamun Mali, ruwanta garau yake, amma haskensa ba shaidar tsabta ba ne. Ina kuma roƙon kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, kuma kada a bar moɗa ɗaya kowa yana tsoma ta.

Malam Mai Famfo:
To mu zo ban ɗakin. Hanya biyu nake gani. Ta farko a fitar da ɗan ɗaki ta bayan jirgi ya leƙa kan ruwa, a yi rami a daɓensa, komai ya faɗa kogi; babu bututu, babu wari, babu kuɗi. Ta biyu a ɗaga daɓen ɗakin, a sa kwanon tsuguno, a ƙarƙashinsa a zura shuɗiyar gangar roba mai murfin maɗauri, mai cin lita 60, a fitar da siririn bututun iska zuwa saman rumfa. Idan ta kusa cika a rufe ta a zura wata. Da buta ake tsarki, ba a sa tankin kora ba, saboda haka ganga uku za su iya ɗaukar yini. Ban ba da shawarar ganga mai lita 200 ba, domin idan ta cika babu mai iya ɗaga ta.

Baba Sarkin Jirgi:
Ni ta farko na sani, kuma ita ake yi a manyan jiragen da ke doguwar tafiya. Kogi yana da faɗi, yana tafiya da komai. Wane yaro ne zai yarda ya riƙa sauke gangar ƙazanta a gaban mutane ranar kasuwa? Ina jin tsoron a yi tsari mai kyau a rubuce, bayan wata biyu a koma juye gangar a ruwa da dare.

Malama Jami'ar Lafiya:
Baba, Allah ya ƙara girma, tsoronka yana da tushe, amma ka dubi lokacin da aka fi shiga ban ɗakin jirgi. Ba a tsakiyar tafki ba ne, a mashaya ne, lokacin da ake jiran lodi awa biyu ko uku, jirgi yana tsaye a ruwa mai zurfin gwiwa, mata suna wanke kwanuka a gefensa, yara suna iyo, 'yan garuwa suna cika jarka. Fasinja ɗaya mai amai da gudawa ya isa ya bar wa garin annoba, jirgin kuma ya wuce ya kai ta gari na gaba. Tafki ma ba ya gudu kamar kogi, musamman a lungunan da jirage ke fakewa.

Injiniyan Teku:
Ina bayan Malama a nan. Ko a teku, dokar ƙasa da ƙasa ba ta yarda babban jirgi ya zubar da ƙazantar da ba a sarrafa ba sai ya yi nisan fiye da mil 12 na teku daga gaɓa, kuma yana cikin tafiya. Wannan doka ba ta hau kan jirgin katako a Kainji ba, harkar jiragen cikin gida tana hannun hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja, amma dalilin da ya sa aka kafa ta ya fi ƙarfi a ruwan da mutane ke sha. Tsarin ganga na Malam Mai Famfo ya yi mini, musamman da yake bai bukaci huda jikin jirgi ba. A ɗaure gangunan sosai, bututun iskan kada ya gaza inci 1, a rufe bakinsa da raga saboda ƙuda, ɗakin kuma ya kasance a cikin jirgi da madogara mai ƙarfi, domin ɗakin da ke leƙe a bayan jirgi yana dab da farfelar inji, kuma yaro ko tsoho na iya zamewa.

Hajiya Mai Banda:
Baba, game da wanda zai sauke ganga, idan aka ware masa ladansa daban za a samu mai yi, kuma mu fasinja ba za mu ƙi ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin jirgi ba saboda wannan. Alhaji, a sa ƙofa mai sakata ta ciki, kada ta fuskanci inda maza ke zama.

Ɗan Yawuri:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan kai wa kafinta gobe: hanyoyin ruwa a gindin haƙarƙari, gurbin inji mai murfi a tsakiya, akwatin jarka 8, wurin alwala mai zubarwa waje, da ɗakin ganga a baya ta ciki. Yaron kwarfe yana nan, injin ban ruwa kuma zan saya kafin na batir. Abin da ya rage mini shi ne inda za a juye gangunan, domin a mashayarmu babu masai ko ɗaya. Baba, ko za ka taimaka ka gabatar da maganar a taron masu jirage, a nemi fili a haƙa rami na haɗin gwiwa?

Baba Sarkin Jirgi:
Zan kai maganar, ko da yake na san za a yi gardama a kan wanda zai biya. Amma ramin a haƙa shi can kan tudu, sama da inda ruwa ke kaiwa a shekarar babbar cika, in ba haka ba damina ɗaya za ta kwashe shi ta mayar mana cikin tafki.

Malama Jami'ar Lafiya:
Haka ne Baba, kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, a yi masa murfin kankare. Mai sauke gangar a ba shi safar hannu ta roba da takalmin ruwa, a ajiye masa sabulu da ruwan kilorin na wanke gangar kafin a mayar da ita jirgi.

Injiniyan Teku:
Alhaji, kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya, ka loda wa jirgin buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, a bakin gaɓa inda ruwa bai da zurfi, ka shata layi da fenti a inda ruwa ya tsaya, ka tabbatar kowane bakin tiyo yana sama da layin da aƙalla taƙi biyu. Sannan ka zuba ganga biyu na ruwa a cikinsa da gangan, ka duba agogo ka ga minti nawa kowane inji zai ɗauka kafin ya kwashe, da kuma minti nawa yaranka za su ɗauka kafin su tayar da injin ban ruwan. Ka turo mana sakamakon a nan tare da hoton gurbin injin, mu duba tsayin tiyon tare.